Littafi nake rubutawa a kan gabar gidanmu ta dā, kawuna ya ce in ajiye alƙalami

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daga Kassala nake a ƙasar Sudan, amma asalin gidanmu garin Mai Wurno. Ina rubuta ƙagaggen labari da na ɗora a kan wani abu da kakata take ba mu tun muna yara. A zamaninta an yi wata yarinya da aka ba ɗan baffanta, ya tafi Hajji ta Sawakin, tashar jirgin ruwa a bakin Bahar Maliya, aka daina jin ɗuriyarsa. Sai ga wani baƙo daga ƙasar Haɗeja da ya tsaya cirar auduga a Jazira, yankin noman auduga na Sudan, don ya tara guzuri, ya ga yarinyar, ita ma ta gan shi. Ana cikin shirin biki sai ga na farko ya dawo. Daga nan gida ya rabu biyu, aka zubar da jini, har rai ya salwanta. Na sa labarin tsakanin 1924 da 1930.

Matsalata biyu. Kawuna ya ga babi uku a wayata, ya ce maganar da aka biya diyya aka binne ba a tone ta, jikokin ɓangarorin biyu suna nan da ransu, har da auratayya a tsakaninmu. Na biyu, na kasa gane me zai sa mutanen da suka yi hijira tare, suka sha ƙishirwa tare, su kashe juna a kan yarinya. In na rubuta sai ya fito kamar wasan kwaikwayo. Ku ba ni shawara don Allah.

Wani dattijo daga Wad Madani: Wa'alaikumus salam 'yata. Abin da ya sa ya fito miki kamar wasa shi ne kin ɗora wa yarinya kayan da ba nata ba. Ki duba shekarun da kika zaɓa. A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aikin Jazira ya kankama, kuɗin auduga ya fara shiga hannun mutane. Waɗanda suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan an kashe mahaifinsa Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, su suna ganin kansu muhajirai ne, masu gari. Wanda ya zo daga baya da buhun cirar auduga a kafaɗa, ko ya fi su kuɗi, baƙo ne. To uban yarinya ya ci bashin baƙon nan a shekarar da dawa ba ta yi ba, ɗan'uwansa kuma yana riƙe da gonar bakin kogi da ba a raba ba tun rasuwar ubansu. Ki sa wannan a ƙasa, soyayya a sama, za ki ga wuƙa ta fito da kanta. Ni ban taɓa ganin gabar gida da ta fara ranar da aka ce ta fara ba.

Wani malami daga Gadarif: Malama, tambaya ɗaya: baiko aka yi da na farkon ko an ɗaura aure? In baiko ne kawai, ba shi da haƙƙi a shari'a, sai dai kunya da zumunci. In kuwa an ɗaura, labarinki ya yi nauyi. A mazhabar Malikiyya matar wanda ya ɓace takan kai ƙara wurin alƙali, a bincika, in ba a samu labarinsa ba a yanka mata shekara 4, sannan ta yi idda wata 4 da kwana 10. In ta yi wani auren kuma na biyun ya tare da ita, na farko ko ya dawo ba shi da ita. In ya dawo kafin tarewa, matarsa ce. Kin ga ke nan duk rigimar tana iya rataya a kan dare ɗaya, da kuma shaidar tsohuwar da ta raka amarya. Kowane ɓangare zai rantse shi ke da gaskiya, kuma kowanne yana da malaminsa.

Mai tambaya: Allah ya ƙara ilimi Malam. Kakata "an ba shi ita" kawai take cewa. Zan mayar da shi ɗaurin aure.

Wata Hajiya daga Makka: Ƙanwata, dalilin ɓacewarsa ma yana hannunki. A ƙarshen 1924 mutanen Ibn Sa'ud suka shiga Makka, Jidda kuma ta zauna a kewaye kusan duk 1925, sai a Disamba ta miƙa wuya. Wanda ya tsallaka a wannan tsakanin ba wasiƙa ba ɗan aike. Kuma Takari da yawa guzurinsu a Hijaz yake ƙarewa, su kama dako ko ɗiban ruwa shekara da shekaru kafin su tara kuɗin jirgin komawa. Kada ki dawo da shi da rawani da alkyabba. Ki dawo da shi a rame, da gorar zamzam da ya riƙe mata duk tsawon hanya, ya tarar ana yi mata lalle.

Wani ɗan'uwa daga Kosti: Ƙaramin gyara kafin ya shiga littafi. Baƙon naki in daga yamma ya taho, a ƙasa ko a jaki zai ratsa Jinaina da Fashir, jirgin ƙasa sai ya kai Al-Ubayyid, don a nan layin ya tsaya tun 1912. Bai isa Niyala ba sai 1959. Sannan zamanin Turawa ne, kisan kai ba ya ƙarewa a zauren shehu, sai ya kai kunnen mufattish, wato jami'in mulkin Turawa na gunduma. In dattawa sun rufe maganar da diyya, ki nuna mana yadda suka yi da hukuma.

Wata 'yar'uwa daga Damazin: Kowa ya tafi tarihi an bar maganar kawu. Ni ina bayansa rabi. Mu da muka ga rikicin ƙabilanci da ya faru a nan a Yulin 2022 mun san yadda tsohuwar magana take tashi da mutane. Kada ki sa sunan gari a wurin kisan, ki ƙirƙiri ƙauyenki a bakin Nilu, Mai Wurno ta zama inda ake zuwa kasuwa da gaida Sarki. Ki canza sana'o'i, ki canza yawan 'ya'ya, wanda ya mutu a gaske kada ya zama shi ya mutu a littafi. Amma a ce ki ajiye alƙalami gaba ɗaya, wannan kam ban yarda ba.

Wani matashi daga Umdurman: Ni dai Anti a kashe ɗan baffan, shekara shida ba ko sallama sannan ya zo yana hura hanci.

Dattijon Wad Madani: Yaro, da ka taɓa tafiya Sawakin a ƙasa da ba ka faɗi haka ba. 'Yata, game da kawunki: kada ki aika masa saƙo a waya. Ki je da kanki bayan la'asar, ki dafa masa jabana, wato gahawa, ki karanta masa babin da kika sauya da bakinki. In ya gane mutanen gidanku a ciki, gyara bai isa ba, ki koma. In bai gane su ba, shi da kansa zai fara ba ki abin da kakarki ta ɓoye.

Hajiyar Makka: Kuma don Allah ki ba yarinyar nan baki. Tun ɗazu maza ake ta lissafi, bashi, gona, alƙali. Ita wa take so? Shekara huɗun nan da ta yi tana jira a ɗakin surukarta, tana tuƙa musu asida, me take faɗa wa kanta?

Mai tambaya: Hajiya, wannan ita ce tambayar da na yi wa kakata sau ɗaya, ta ce in tashi in duba tukunya. Na gode muku duka. Ranar Juma'a zan je wurin kawu. Wanda ya san yadda ake biyan sadaki a wajen Sinnar a shekarun nan, da kuɗi ne ko da dabbobi, ya taimaka mini, a nan babi na huɗu ya tsaya.