Ta yaya zan tabbatar da amincewar uwa ta waya?

Assalamu alaikum malamai. Ni ɗalibar kiwon lafiya ce a Garwa, ina bincike kan haihuwa a gida. Tunda korona ta shigo Kamaru a watan Maris na 2020, kwamitin da ke duba ɗa'ar bincike ya koma zama ta intanet, hirar da zan yi gida-gida kuma aka ce in mayar da ita ta waya.

Nan na maƙale. Da, ina karanta wa mace takardar amincewar shiga binciken da Hausa ko Fulatanci, ta dangwala yatsa. Yawancin matan ba sa karatun boko, wayar ma sau da yawa ta maigida ce, yana zaune kusa yana ji. To wadda ta ce "na yarda" a haka, da gaske ta yarda? Wannan ya fi damuna, domin tambayoyina sun shafi sirrin ɗaki.

Sanarwar Helsinki, wato ƙa'idojin duniya kan ɗa'ar binciken lafiya da ake yi a kan mutane, ta halatta amincewar baki idan an rubuta ta a gaban shaida, amma wane ne shaida a waya? Naɗar muryarta ya wadatar? Don Allah wanda kwamitinsa ya karɓi irin wannan, ya faɗa mini yadda ya tsara takardarsa.