Musayar baiti: Kura, garin rini da shinkafa

Ɗan Karofi: Salamu alaikum, yau garinmu zan yi wa ƙwar biyu, wanda ya ji zafi ya amsa.

Kura garina gidan baba,
Karofinmu ya cika da shuni.
Ɗan Kura har Agadas an san shi,
Buzu bai da kamarsa a rawani.
Kakana marini ne, hannunsa
Har kabari ya tafi da launi.

Bawudile:
Ɗan Karofi bar kukan jiya,
Ramukan naku sun koma shara.
Zo Wudil ran Juma'a ka ga kuɗi,
Bijimai sun cika kara.

Inna Mai Turara: Kai yaro ka taɓo ni. Tun 1974 da aka gama dam ɗin Tiga zamanin Audu Bako ba mu zauna ba, ni da wannan sana'ar na aurar da 'ya'yana mata uku.

Shinkafar da ka ci daren jiya,
Ni na turara ta a tukunya.
Ruwan Tiga ya bi kanal ya iso,
Rani da damina muna shanya.
Dusar wa bijiminka yake ci?
Faɗi gaskiya kar ka ji kunya.

'Yar Karfi: Allah ya ja kwana Inna! Wallahi kin rufe masa baki ruf, mutanen Kura ina kuke ku fito.

Malam Sani Arulli: Inna a gafarce ni, baitin ya yi daɗi amma kanal ba Hausa ba ce. Kai kuma Bawudile ɗangonka na ƙarshe ya gurgunce, gaɓa biyu ta faɗi, rera shi ka ji.

Bawudile: Malam ai na rera, ja ake yi a bijimai, kai dai kullum sai ka tsinci na mutumin Wudil, na Ɗan Karofi fa da kakansa ya tsallaka ɗango biyu ba ka gani ba?

Malam Sani Arulli: Wannan sabi-zarce ne, halas ne a waƙa. Naka karaya ce.

Inna Mai Turara: Malam zo bakin gona ka ce magudanar ruwa mu ga wa zai gane ka, kanal muke cewa.

Ɗan Karofi:
Mai shanu ya kasa kiwon baiti,
Ɗango ɗaya ya tsinke masa igiya.

Ɗan Kwanar Gafan: Ku yi haƙuri sai yanzu na samu caji. Kuna ta faɗan gaɓa an manta da mu masu tumatir.

Shekarar 2016 ba na mantawa,
Tsutsar Sharon ta cinye gona ƙurmus.
Bana kuma kwando ya yi araha,
Mota ba ta zo ba, ya ruɓe tilas.

Bawudile: Allah ya mayar da alheri ɗan'uwa, wannan ta taɓa ni. Ɗan Karofi kai kuma jira ni, ina ɗaure igiyar in dawo.