Neman kalmar Hausa: lambar da ke nuna yadda hawan dutse ya miƙe

Salamu alaikum 'yan'uwa masu keke na Legas. Akwai kalmar da nake so mu taru mu nemo mata Hausa. Duk wanda ya fara bincike kan tafiyar nesa da keke a ƙasar duwatsu zai yi ta cin karo da ita. Turawa na ce mata "gradient", kuma kullum da lamba take tafe: kashi 5, kashi 8, kashi 12 cikin ɗari. Ma'anar lambar ita ce, in ka yi gaba mita 100, mita nawa hanya ta ɗaga ka sama? In mita 8 ne, kashi 8 ke nan.

Dalilin damuwata shi ne Legas shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce. Hawan da muka saba da shi na gada ne, irin gadar sama ta Pen Cinema a Agege ko ta Lekki zuwa Ikoyi, wanda kafin numfashinka ya sauya ka kai ƙoli. Ga shi kuma matasanmu sun fara zancen zuwa Obudu da Jos da Mambila. Sai ka ji yaro ya ce "ai kilomita 11 ne kawai", yana lissafi da ƙafar Legas. Alhali kilomita 11 na hanyar da ke hawa Obudu, mai lanƙwasa (kwana) kusan 20 ko fiye, wadda ke kai mutum tsayin da ya haura mita 1,500 daga matakin teku, ba ɗaya take da kilomita 11 da ɗoriya na gadar Third Mainland ba. Nisa muna da sunansa, tsayi ma muna da shi. Abu na uku, wanda shi ke yanke hukuncin ko za ka taka feda ko za ka sauka ka tura, shi ne ba mu tsayar wa suna ba. Bismillah.

Direban tirela, Mile 12:
Wa alaikumus salam. Malam, mu a kan hanya "mugun hawa" muke cewa, kowa ya gane. Duk direban da ya ɗauko kaya daga Akwanga zai shiga Jos ya san Hawan Kibo, tun daga ƙasa yake sauke giya. Ban ga abin da ya rage a nema ba.

Mai tambaya:
Gaskiya ne Yaya, kuma ka ba mu rabin kalmar: hawa. Sunan Hawan Kibo kansa shaida ne cewa da ita Bahaushe ke kiran irin wannan wuri. Amma "mugu" ba ya karɓar lamba. Ba za ka ce muguntarsa kashi 9 ba. Kai ka san hanyar da idonka, yaron da ke zaune a Agege yana duba taswira a waya bai taɓa ganinta ba, lambar ce kaɗai za ta gaya masa abin da ke jiransa.

Ɗalibi, Yaba:
Me zai hana mu hausantar da ita kawai, mu ce giradiyan? Haka muka yi wa birki da feda da giya, kuma sun zauna daram.

Mai gyaran keke, Agege:
Ɗana, birki da feda abubuwa ne da hannu ke taɓawa. Ka nuna wa mutum sau ɗaya, ya riƙe har abada. Wannan kuwa ba a nuna shi da yatsa, dole sunan ya faɗi kansa. In ka ce mini giradiyan sai na zaci wani ƙarfe ne a cikin inji. Ni da "nauyin hawa" zan kira shi, don a cinya ake jin sa.

Malamar lissafi, Idi-Araba:
Baba, ka yi mini afuwa zan ɗan ja da nauyi, duk da cewa abin da ka faɗa game da cinya haka yake. Bari mu lissafa. A ce mahayi kilo 70 ne, kekensa 15, kayansa da ruwa da tanti 25, jimla 110. A hawa mai kashi 10, kusan kashi ɗaya cikin goma na wannan nauyi ne ke jan sa baya, wato kilo 11, kuma jan ba ya sassautawa ko na daƙiƙa guda. A kashi 5 rabin haka ne. In ya rage kaya, jan ya ragu. Amma lambar hanyar ba ta motsa ba: kashi 10 ce ga mai kaya, kashi 10 ce ga wanda ya zo hannu rabbana. Ke nan nauyi abin mahayi ne, lambar kuwa ta hanya ce, bai kamata su ci suna ɗaya ba.

Wani abin da ke rikita ɗalibaina: kashi 100 ba ya nufin bango a tsaye. Yana nufin mita ɗaya gaba, mita ɗaya sama, wato kusurwar digiri 45. Kashi 10 bai ma kai digiri 6 ba, a takarda kamar ba komai. Titin Baldwin da ke garin Dunedin a New Zealand, wanda ya yi suna a duniya saboda miƙewarsa, kusan kashi 35 ne a inda ya fi tsanani. Ku ɗauki tsani da aka jingina da katanga: tsawonsa ɗaya ne, amma gwargwadon yadda ka matso da gindinsa kusa da bango, gwargwadon wuyar hawansa. Wannan matsowar muke nema wa suna. Ina ba da shawarar "tsayuwar hawa".

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri Malama, wannan bayani ya share mana hanya. Ma'aunin da kika kawo shi zan riƙe: kalmar ta zama sifar hanya, ba halin da mahayi ke ciki ba. Da shi "zafin hawa" da "tsananin hawa" da wasu suka turo mini ta waya duk sun faɗi, domin zafi zai tafi ga rana, tsanani kuma ya haɗa da iska da ramuka da yunwa.

Sai dai tsayuwa na ba ni tsoro. Idan aka rubuta "tsayuwar hawa a kilomita na 6", mutane da yawa za su fahimci wurin da ake tsayawa a huta. Wanda ya ƙure ƙarfinsa yana sa ran hutu, ya iso ya tarar da wuri mafi wuya a hanyar, mun cuce shi. "Karkata" ma na duba, amma ita gefe take nufi, kamar lodin da ya karkace a mota.

Abin da ya fi kwanta mini shi ne "kaifin hawa".

Ɗalibi, Yaba:
Kaifi ba na wuƙa ba ne, Malam?

Mai tambaya:
Daga can ta faro, ƙanena, amma ta daɗe da fita daga kube. Muna cewa kaifin basira, kaifin ido, kaifin harshe. Kuma tana da abubuwa uku da sauran ba su haɗa ba. Tana karɓar lamba ba tare da tuntuɓe ba: kaifin hawan kashi 8 ne. Tana karɓar kwatanci: wannan ya fi wancan kaifi, kaifin ya ragu bayan kwana ta uku. Sannan tana juyawa ta yi aiki a dawowa: kaifin gangara. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne, don gangara da keke mai kaya ta fi hawa haɗari.

Ku gwada ta da hawan da aka fi sani a tseren keke na Faransa, Alpe d'Huez: nisansa kilomita 13.8, kwanarsa 21, matsakaicin kaifinsa kashi 8 da ɗan ɗoriya, tsayin da ake ɗagawa kusan mita 1,100. Nisa, kaifi, tsayi, kowanne ya zauna a mazauninsa.

Ɗan Gembu, Obalende:
Ni na yarda da kaifi. Sai dai ku ja kunnen masu zuwa wajenmu kan wannan "matsakaicin" da ka ambata. Hanyar Mambila daga Mayo Selbe, wurin da muke kira Hawan Biyu da Sisi, ba ta hawa da murya ɗaya. Wani wuri ta lafa, wani wuri ta miƙe, musamman a cikin kwana ta ɓangaren ciki. Matsakaici yana haɗa mai sauƙi da mai wuya ya raba, sai lambar ta fito da ladabi. Don haka a riƙa faɗin biyu: matsakaicin kaifi da mafi kaifi. Kwanonin nan da mutane ke tsoro kuwa rahama ne, da su aka tsawaita hanya don kaifin ya ragu. Da miƙe ta aka yi sambal zuwa sama, ko mota ba za ta hau ba. Ku kuma taho da rigar sanyi, sama ba Legas ba ce, tudun ya haura mita 1,500 kuma hazo na sauka ba sallama.

Mai gyaran keke, Agege:
To na sauka daga kan nauyi, Malama ta fi ni hujja. Kaifi ya shiga kunnena. Tunda yanzu akwai lamba, ga abin da za ku yi da ita. Keken da muka tashi da shi, irin Raleigh da Phoenix mai giya ɗaya, in ka juya feda sau ɗaya tayar baya na juyawa kusan sau biyu da rabi. A shimfiɗe daɗi ne, a kaifi kashi 8 da kaya a kariya gwiwa ce za ta biya. Mai zuwa dutse ya nemi keken da ƙaramin farantinsa na gaba ke da haƙora 22 ko 24, babban na baya 34 ko 36. Da 22 da 34, juyin feda ɗaya bai kai kashi biyu cikin uku na juyin taya ba. Tafiyar za ta yi sanyi, amma ƙafa na juyawa ba ta danne-danne. A sauke giya tun kafin hawan ya kama, kada a jira sai sarƙa ta ɗaure, a nan take tsinkewa. Kayan nauyi a sa su ƙasa-ƙasa a raba gefe biyu, a ɗan kai wasu gaba don kada tayar gaba ta riƙa ɗagawa. A gangara kuma kada a riƙe birki a matse tun daga sama har ƙasa, ƙarfen taya na ɗaukar zafi har tayar ta iya fashewa. A matsa, a saki, a matsa, in gangarar ta yi tsawo a tsaya ya huce. In hawa ya fi ƙarfinka ka sauka ka tura, babu abin kunya a ciki.

Direban tirela, Mile 12:
Ni dai a bakina mugun hawa zai ci gaba da zama. Amma in yaro ya tambaye ni nawa ne muguntar, yanzu na san kaifi yake tambaya.

Mai tambaya:
Hakan ma daidai ne Yaya, ba mu zo korar wata kalma ba. Abin da muka tsayar ke nan: kaifin hawa, kaifin gangara, matsakaicin kaifi, mafi kaifi, a rubuta lamba da "kashi" a gabanta. Da su zan rubuta bayanin hanyar Obudu da zan turo wa masu shirin tafiya bayan damina. Baba, ranar Asabar in Allah ya kai mu zan kawo maka kekena ka duba haƙoran baya, 28 ne a kai yanzu.