Umberto Eco: wane ne shi, kuma littafinsa na rubuta kundin bincike yana da sauran amfani?

Ɗan Zango:
Assalamu alaikum malamai. Ina shirin rubuta memwar (kundin bincike) na Masta a Jami'ar André Salifou ta Zinder, kuma sunan Umberto Eco sai fitowa yake a darasin dabarun bincike. Wasu su ce marubucin labarai ne, wasu su ce farfesa ne. Wane ne shi? Sannan littafinsa kan rubuta kundin bincike, tunda na 1977 ne, yana da sauran amfani yanzu da kowa ke riƙe da waya?

Malam Habu:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Duka biyun ne, amma koyarwar ta riga labarin da nisa. An haife shi a Alessandria, arewacin Italiya, ranar 5 ga Janairu 1932. Ya kammala Jami'ar Turin a 1954 da kundi kan ra'ayin Thomas Aquinas, malamin falsafa da addinin Kirista, game da kyau. Ya yi aiki a gidan rediyo da talabijin na ƙasa, RAI, sannan ya daɗe yana edita a kamfanin ɗab'i na Bompiani. A 1975 ya zama farfesan ilimin alamomi a Jami'ar Bologna, wato nazarin yadda kalma, hoto, tufa ko talla ke ɗaukar ma'ana har mutane su fahimta.

Labarinsa na farko, Il nome della rosa, bai fito ba sai 1980, yana ɗan shekara 48. Jimilla ya rubuta labarai 7, na ƙarshe Numero zero a 2015. Ya rasu a Milan ranar 19 ga Fabrairu 2016.

Littafin da kake tambaya sunansa Come si fa una tesi di laurea. Akwai shi da Faransanci, Comment écrire sa thèse, Flammarion ta buga a 2016.

Malama Zuwaira:
Yana da amfani, ɗana, kuma ya fi yi wa irinmu amfani a kan ɗaliban Paris, domin an rubuta shi ne don ɗalibin da ba shi da kuɗi, ba shi da babban ɗakin karatu kusa, malaminsa kuma ba shi da lokacinsa.

Sharuɗɗa 4 ya gindaya wajen zaɓen maudu'i: ya dace da abin da kake sha'awa kuma ka karanta, madogaran su kasance inda hannunka zai kai, su kasance waɗanda iliminka zai iya sarrafawa, hanyar binciken kuma ta zama wadda ka saba da ita. Na biyu da na uku su ke kayar da ɗalibai. In takardun da aikinka ya dogara a kansu suna Aix-en-Provence a Faransa ko ma Yamai, kai kuma ba ka da kuɗin mota da masauki, to maudu'in ba naka ba ne. In rubutun ajami ne ko Larabci ba ka iya karantawa, haka nan.

Sai taƙaitawa. Misalinsa shi ne: ilimin ƙasa ya yi faɗi, duwatsu masu aman wuta na Meziko ma da sauran faɗi, sai ya sauko kan dutse ɗaya, Paricutín, daga ɓullarsa a 1943 zuwa lafawarsa a 1952. A nan gida, “Tarihin Damagaram” ba maudu'in Masta ba ne, aikin rayuwa ne. “Mulkin Sarki Tanimun” ma ya yi yawa. Amma majemar Zinder, wa ke kawo fata, da me ake jima, ina ake kai ta, cikin shekaru 10 da ka ƙayyade, wannan za ka iya zama wanda ya fi kowa saninsa ranar kare aiki. Mai faɗin maudu'i kuwa, duk malamin da ke zaune a teburin alƙalai zai sami littafin da bai karanta ba.

Lokaci: kada ya wuce shekara 3, kada ya gaza wata 6.

Tsarin aikin kuma, tun kafin ka zurfafa karatu ka rubuta take, gabatarwa da jerin babuka. Za su canza sau da yawa, amma su ne ke gaya maka abin da za ka karanta da abin da za ka bari. Kowane littafi ka yi masa kati: marubuci, take, gari, kamfanin ɗab'i, shekara, da inda ka same shi. Katin karatu daban, mai ɗauke da taƙaitawa, maganganun da ka kwafo da lambar shafi, da naka ra'ayin. Ya ma gwada a aikace cewa da ɗakin karatu na Alessandria kaɗai, cikin yammaci 3, awa 9, ɗalibi zai iya haɗa jerin madogara mai kyau ta hanyar bin sunayen da littattafai ke ambata.

Issa na Birni:
Malama ta yi bayani, sai dai a ƙara gyara biyu. Katin takarda ba dole ba ne yau; Zotero, manhajar tara bayanan littattafai, kyauta ne, yana yin aikin katin farko. Katin karatu ne babu manhajar da za ta yi maka. Eco ya yi kashedi kan fotokofi, cewa ɗalibi na tara shafuka ya ji kamar ya karanta su. Yau PDF 200 cikin waya ne, cutar dai ita ce.

Inda aka fi faɗawa: ka kwafo jimla ba ka sa mata alamar zance ba, bayan wata 4 ka ɗauka taka ce, ta shiga kundin, ta zama satar fasaha ba da niyya ba. Maganinsa alamar zance da lambar shafi nan take, ba “sai anjima” ba.

Na biyu, littafin ya fi karkata ga binciken cikin littattafai. Yana da misali mai kyau kan nazarin gidajen rediyo masu zaman kansu, amma hira da dattawa ko maroƙan fada, da tantance ruwayar baka, sai ka nemi wani jagoran. Tsarin ambaton madogara kuma na sashenku za ka bi, ba nasa ba.

Malam Habu:
In ka gama memwar, ka nemi Le Nom de la rose, wato Il nome della rosa da Faransanci, fassarar Jean-Noël Schifano. Labarin kwana 7 ne a wani gidan ibadar Kirista a 1327, ana ta mutuwa, kuma duk zaren yana komawa ɗakin karatun da aka hana shiga. Shafuka 100 na farko suna da nauyi, da gangan ya yi su haka, kuma akwai Latin da ba a fassara ba. Ka tsallake Latin ɗin, labarin ba zai kuɓuce maka ba. Fim ɗin 1986, wanda Sean Connery ya fito a ciki, ya zubar da yawancin muhawarar, kada ka dogara da shi in za ka ambaci littafin.