Zum "mai sauri" ko zum "mai babbar ƙofa"? Mu tsayar da kalma ɗaya

Malam Idi, Tawa:
Assalamu alaikum ƴan uwa masu sana'ar hoto. Ga wata kalma da ya kamata mu tsayar tun ba ta zauna a bakin yara a karkace ba. Zum ɗin nan, wato gilasan idon kamara masu jawo nesa, irin 70-200 da 70-300 (lambobin tsawon idon ne a milimita), masu Ingilishi sun raba su gida biyu, fast da slow. Masu Faransanci kuwa lumineux suke cewa, wato mai haske. Yanzu an fara jin "mai sauri" da "marar sauri" a bakin masu saye da sayarwa, alhali idon kamara ba gudu yake yi ba. Abin da ake nufi shi ne girman ramin da haske yake bi ya shiga. In ramin babba ne, haske ya shiga da yawa, sai kamara ta samu damar ƙiftawa da sauri, 1/1000 na daƙiƙa a maimakon 1/250. Saurin na ƙiftawa ne, ba na idon ba. Yaro kuwa da ya ji "mai sauri" zai ɗauka saitin kama mutum ake nufi, wato yadda ido yake daidaita kansa har hoto ya fito da kaifi, ya zuba kuɗinsa a inda bai nufa ba. Me za mu ce da Hausa?

Habsu:
Wa alaikumus salam, Malam. Kafin suna, a fara da lissafin, don sunan daga nan zai fito. Lambar f rabawa ce: tsawon ido a raba da faɗin ramin. A 200mm, f/2.8 rami ne mai faɗin kusan milimita 71. A f/4 milimita 50 ne, a f/5.6 kuma kusan 36. Shi ya sa ƙaramar lamba take nufin babban rami, kamar yadda rabin buhu ya fi rubu'in buhu ko da yake huɗu ta fi biyu. Daga 2.8 zuwa 4 haske ya ragu da rabi, daga 4 zuwa 5.6 ya sake raguwa da rabi. Ke nan f/2.8 yana shigar da ninki huɗu na hasken f/5.6. Ni "mai faɗin baki" da "mai tsukakken baki" nake kawowa.

Elhaji Sani:
Ɗiyata Habsu, lissahinki daidai ne, amma baki zai ɓad da mutane. Abin da munka saba kira baki shi ne gaban ido, inda ake ɗaura murhi da hilta. Dubi Sigma 150-600: bakinshi milimita 95, ya hi na 70-200 f/2.8 na Canon da ke da 77. Amma can ƙarshen zum ɗin f/6.3 ne, duhunshi ya hi na wancan nesa ba kusa ba. Wanda ya je kasuwa da kalmar "hwaɗin baki" sai ya ɗauki mai ƙaton gaba shina murna. Kuma hwaɗi mun riga mun ba idon da ke kwaso wuri duka, irin 16 da 24. Kada kalma guda ta yi muna aiki biyu.

Issufu, Yamai:
Baba Elhaji ya yi gaskiya. To me zai hana mu bi Faransanci, tunda shi ne a kunnen mutanenmu, mu ce "mai haske"? Kuma ga na ɗaya gefen Hausa ta riga ta tanada: dundumi. Zum ɗin da aka saba haɗowa da kamara, irin 55-250 ko 70-300 f/4-5.6, da rana garau yake gani, rana na faɗuwa sai ya shiga lalube kamar kaza da magariba. Ba hoton kaɗai ke yin duhu ba, saitin ma wahala yake sha. Kamara tana neman saiti ne da ramin a buɗe iyakarsa, don haka in iyakar f/5.6 ce, ɗan hasken nan ne kawai take aiki da shi. Sai ka ji motar ido tana kai da komowa, amarya ta wuce ba a kama ta ba. A kamarori masu madubi a ciki (DSLR) da yawa, in an wuce f/5.6 saitin kansa ma ba ya aiki sosai, sai dai wasu da ɗigon saiti na tsakiya yake jure f/8.

Hajiya Rakiya:
Issufu ƙanena, dundumi ta yi daɗi a baki kuma kowa zai gane, amma ciwo ce, suna ne na aibi. In muka rubuta ta a takardar koyarwa, mun gaya wa yaro cewa f/4 kayan banza ne, kuma wannan ba gaskiya ba ne. A ɗora su a sikeli. Canon EF 70-200 f/2.8L IS III yana kai kusan kilo ɗaya da rabi, f/4L IS II kuwa giram 780. A Nikon, f/2.8E giram 1430, f/4G giram 850. Wanda zai wuni a tsaye daga ɗaurin aure da safe har kai amarya, da kamara rataye a wuya, wannan rabin kilo da ɗoriya ba ƙaramin abu ba ne. Hannun da ya gaji rawa yake yi, kuma hoton da hannu ya girgiza babu f/2.8 da zai gyara shi. Ga kuɗi, babban yakan kusan ninka ƙaramin.

Sannan a duba rana irin tamu. Da tsakar rana, ISO 100 (ISO shi ne ma'aunin yadda kamara take jin haske) da f/5.6 suna ba ka ƙiftawar wajen 1/800. In ka buɗe f/2.8 ka kai 1/3200, dab da iyakar ƙananan kamarori da ke tsayawa a 1/4000. Mai ɗaukar raƙuman dawa a Kure, ko tsuntsaye a tafkin Tabalak, tsawo yake nema, haske kam ya ishe shi. A wurinsa 70-300 ko 150-600 ya fi 70-200 f/2.8 amfani. Abin da zai ɓata masa hoto ma daban ne: iskar da ke tashi daga ƙasa mai zafi. A 400mm zuwa sama, in rana ta take, abin da ke nesa sai ya riƙa rawa kamar kawalwalniya, gefen wuyan raƙumin dawa ya zama kamar an zana shi a kan ruwa. Maganin wannan sammako ne ko jiran la'asar, ba sayen sabon ido ba.

"Mai haske" kuma ba ta yi mini ba, don mutane filashi za su ɗauka.

Ma'aruf:
Hajiya, a gafarce ni in ƙara ɗaya gefen, don kada a ce babban ba shi da ranarsa. A ɗauki filin kokowa, tunda a nan Tawa aka fara gasar takobi ta ƙasa a 1975. Kaye ba ya jira. Lokacin da ƙafa ta bar ƙasa, yashi ya tashi, layu suna lilo a damtse, in kana son ƙwayar yashin ta tsaya cak a iska sai 1/1000, ƙasa da 1/500 kuwa hannuwa za su fito dishi-dishi. A ce rana ta yi sanyi, ga hazon hunturu ya rage ta, har f/2.8 yana neman ISO 1600. Mai f/4 sai 3200, mai f/5.6 sai 6400. A ƙaramar kamara tsohuwa, 6400 yana cika fuska da tsaki-tsaki, launin fata ya mutu. Nan ne kuɗin babban yake fitowa.

Kuma a ja kunnen masu koyo a kan maganin girgiza, wanda Canon ke kira IS, Nikon VR, Sony OSS. Rawar hannunka yake kashewa, ba motsin wanda kake ɗauka ba. Zai bar ka ka ɗauki liman a zaune da 1/30 a 200mm, amma ɗan kokowa a 1/30 inuwa ce kawai za ta fito. Kada mai shago ya ce maka IS ya maye gurbin f/2.8.

Habsu:
Na janye baki, Baba Elhaji, na gode. To ƙofa fa? Ramin nan da ƴan faranti suke buɗewa suna tsukewa, mu ce masa ƙofar haske. Sai a samu zum mai babbar ƙofa da zum mai ƙaramar ƙofa. Babu zagi a ciki, kuma tana koyarwa da kanta: ƙofa babba, haske da yawa, ƙiftawa da sauri. Tsakanin 2.8 da 4, ko 4 da 5.6, mu ce taki ɗaya.

Elhaji Sani:
Madalla, wagga ta zauna. Ƙohwa ciki take, ba a ganinta sai an leƙa, baki kuwa waje. Wanda ka son ya ganta, ya cire idon daga kamara, ya ɗaga shi wajen haske, ya leƙa ta gaba. Amma a rufe bayan da murhi da an gama, ƙura ba ta da kunya.

Malam Idi:
Ƙofa ta warware mini wani ƙulli da ban ma kawo ba tukuna. Akwai zum mai lamba ɗaya a jiki, kamar 70-200 f/4, akwai mai lamba biyu, kamar 70-300 f/4-5.6. Na farko ko ina ka murza, f/4 ɗinka tana nan. Na biyu kana jawo nesa lambar f tana hawa, haske yana raguwa kamar an tsuke ƙofar, a 70mm f/4, a 300mm f/5.6. Sai mu ce mai tsayayyar ƙofa da mai tsukewar ƙofa. Inda wannan yake cutar da mutane shi ne a M, wato inda kai kake daidaita komai da hannunka. Ka gyara komai a 70mm da f/4, hoto ya yi kyau, ka jawo fuskar ango a 300mm, sai ka ga ta yi duhu da taki ɗaya ba ka taɓa komai ba. A bidiyo abin ya fi muni, don ana ganin duhun yana shigowa a hankali. Gyaran biyu ne: ko ka sa f/5.6 tun farko don kada ta motsa, ko ka bar ISO a oto ya riƙa cike giɓin.

Hajiya Rakiya:
Na yarda da ƙofa. Amma a rubuta a gefe cewa babbar ƙofa tana da nata haraji ban da nauyi. Iyakar wurin da ke fita da kaifi raguwa yake yi. A kamara mai cikakken faranti (full frame, wato babban farantin da hoto yake sauka a kai), 200mm, mutum yana nesa da mita biyar: f/2.8 yana ba ka kaifin kusan santimita 10 daga gaba zuwa baya, f/4 kusan 15, f/5.6 kusan 20. Tafin hannu ɗaya ke nan. Ga mutum ɗaya abin sha'awa ne, idon amarya tar, kwalliyar goshi tar, taron bayanta ya narke. Amma in ƙawarta ta tsaya taki ɗaya a baya, ta fita daga kaifi. Hoton mutum uku ko huɗu dole ka tsuke zuwa f/5.6 ko f/8, ka ga a nan mai tsadar da mai arahar sun zama ɗaya. Narkar da baya kuma ba sai da f/2.8 ba: 300mm a f/5.6, ka matso kusa da mutum, ka nisanta shi da bango, baya zai yi laushi sosai.

Issufu:
Shi ke nan Yaya, dundumi ta koma hira, ƙofa ta shiga takarda. Ga abin da ya shafi masu aikin zauren taro da na biki cikin dare. A ce fitilun wurin sun ba ka 1/250 da ISO 3200 a f/2.8. Mai f/5.6 sai ya hau 12800, ko ya sauko 1/60 ya haƙura da duk mai motsi. Wanda abincinsa yake nan, babbar ƙofa ba ado ba ce a wurinsa. Sai dai a kula da wutar lantarki: tamu 50 Hz ce, wasu fitilu suna ƙyaftawa sau 100 a daƙiƙa. In ka yi murnar samun haske ka hau 1/500, za ka iya ganin hoto ɗaya ya yi haske na biye ya yi duhu, ko ratsi-ratsi a jikin bango. A sauko 1/100, ko a kunna maganin ƙyaftawar fitila in kamarar tana da shi.

Akwai kuma ƙarin gilashin da ake sawa tsakanin kamara da ido. Na 1.4 yana cin taki ɗaya: 200mm f/2.8 ya koma 280mm f/4. Na 2 yana cin taki biyu: 400mm f/5.6. Mai babbar ƙofa yana da abin da zai bayar. In ka sa na 2 a kan f/5.6 kuwa ka faɗa f/11, saiti ya tsaya a yawancin kamarori masu madubi. Wannan me za mu ce masa? Ni "ƙari" nake ji a baki.

Ma'aruf:
Ƙari ya isa, ƙarin 1.4 da ƙarin 2. Abu ɗaya da mai saye zai duba a ƙasar ƙura irin tamu, ba ruwansa da ƙofa: shin idon yana miƙewa in an murza zum? 70-200 na Canon EF da na Nikon F, f/2.8 da f/4 duka, a ciki suke motsi, tsawonsu ba ya canzawa. 70-300 da 55-250 kuwa fita suke suna komawa, suna zuƙar iska kamar zugazugin maƙeri, kuma iskar hunturu ba ita kaɗai take shiga ba. Canon RF 70-200 f/2.8 na farko ma miƙewa yake yi, shi ya sa ya sauko wajen giram 1070. In za ka sayi na hannu, buɗe ƙofar duka, haska tocila ta baya, ka leƙa ta gaba. Ƴar ƙura kaɗan ba ta fita a hoto. Hazo a jikin gilashi ko zare-zare kamar yanar gizo, wannan a ajiye shi. Sannan ka sa f/16, ka ɗauki farin bango sau biyar a jere. In hasken hotunan ya bambanta, farantan ƙofar suna maƙalewa.

Malam Idi:
Allah ya saka da alheri. Zan shigar da su haka a takardar masu koyo: ƙofar haske, mai babbar ƙofa, mai ƙaramar ƙofa, mai tsayayyar ƙofa, mai tsukewar ƙofa, taki, ƙari. Sauri kuma a bar wa ƙiftawa da saiti. Saura wadda Hajiya ta taɓo, iyakar wurin da ke fita da kaifi. Baba Elhaji, zurfin kaifi za mu ce, ko kaurin kaifi?

Elhaji Sani:
Kauri, Malam. Zurhi na rijiya ne, ƙasa ya nuhwa. Wanga abu kuwa kamar katanga yake tsaye gabanka, wani lokaci tahin hannu, wani lokaci kamu goma.