Tambaya a kan kalmomin Turanci masu sauti ɗaya da yadda ake wasa da su

Mai Koyon Turanci:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wani abokin aikina ya yi mana kacici-kacici da Turanci, ya ce me ya sa shida take tsoron bakwai, sannan ya ba da amsa da kansa, ya ce "seven ate nine". Kowa ya tuntsire da dariya, ni kuwa na yi tsuru-tsuru, sai daga baya aka ganar da ni cewa "ate", wato ya ci, da "eight", wato takwas, furucinsu ɗaya ne, saboda haka mai sauraro yana jin ƙirge na bakwai, takwas, tara, kuma a lokaci guda yana jin cewa bakwai ta cinye tara. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, malamin da ya koyar da mu "et" yake furta kalmar farko, ba ta yi kama da takwas ko kaɗan. Shin shi ne ya yi kuskure? Kuma me ya sa irin waɗannan kalmomi suka yi yawa haka a Turanci?

Malamin Harshe:
Wa alaikumus salam. Malaminka bai yi kuskure ba, domin "et" sanannen furuci ne a Ingila, yayin da a Amurka kusan kowa yake furta kalmar daidai da "eight". Ka ga ke nan kacici-kacicin ya fi zama daram a bakin Ba'amurke.

Game da yawan kalmomin kuwa, tushen abin shi ne rubutun Turanci ya tsaya wuri ɗaya, furuci kuma ya ci gaba da tafiyarsa. William Caxton ya kafa injin buga littattafai na farko a Ingila a shekarar 1476, kuma daga nan rubutun kalmomi ya fara daskarewa, alhali a daidai wannan zamani, tsakanin wajen 1400 da 1700, dogayen wasulan harshen suna cikin wani babban sauyi. Kalmomin "meet" da "meat", wato haɗuwa da nama, a da wasulansu daban ne, shi ya sa aka rubuta su daban, sai daga baya sautin ya haɗe, rubutun ya ƙi bi. Haka "see" da "sea", gani da teku. Baƙaƙe ma sun zube: a da ana furta harafin farko na "knight", wato jarumi mahayin doki, amma da aka daina furta shi sai kalmar ta faɗa kan "night", dare. Haka aka yi har "write", "right", "rite" da "wright" suka taru su huɗu a kan sauti ɗaya.

Akwai kuma aro. Kalmar "soul", rai, tsohuwar kalmar Turanci ce, ita kuwa "sole", ƙasan takalmi, daga Latin ta biyo ta Faransanci, ba dangin iya ba na baba, sai dai sun haɗu a kunne. Shakespeare ya yi amfani da wannan a farkon wasan kwaikwayonsa na Julius Caesar, inda wani baduku ya bayyana sana'arsa da kalmar da za a iya jinta a matsayin gyaran takalma ko gyaran rayuka.

Ɗalibar Adabi:
Allah ya saka wa Malam da alheri. Ina so in ƙara jaddada batun karin harshe, domin a ganina nan ne masu koyo suka fi yin tuntuɓe. Jerin kalmomin da ake samu a littattafai yakan nuna kamar duk mai jin Turanci furucinsa ɗaya, alhali ba haka ba ne. A kudancin Ingila ba a furta "r" idan ta zo bayan wasali kuma babu wani wasali da ya biyo bayanta, don haka "caught" da "court" sautinsu ɗaya, haka "sauce" da "source", haka "father" da "farther", amma ga yawancin Amurkawa waɗannan kalmomi sun bambanta sarai. Su kuma Amurkawa sukan tausasa "t" a tsakiyar kalma har "latter" ta koma kamar "ladder", "metal" kamar "medal", abin da Baturen Ingila ba ya yi. Kafin mutum ya jefa irin wannan raha, ya kamata ya san kunnen da zai karɓe ta.

Sai kuma wani abu da ya shafe mu. Da yawa daga cikinmu mukan haɗe "p" da "f", ko mu daidaita tsawon wasalin "ship" da na "sheep". Wannan kamanni a bakinmu yake, ba a harshen ba, kuma wanda ya gina wasa a kan "pan" da "fan" zai tarar mai harshen yana kallonsa kawai.

Tsohon Edita:
Ni abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda lamarin yake a juye idan aka kwatanta da Hausa. Mu rubutunmu ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, shi ya sa "wuya" ta jiki da "wuya" ta wahala suke kama ɗaya a takarda, amma da zarar an buɗe baki kowa ya san wadda ake nufi. Turanci kuwa yawancin ruɗaninsa a kunne yake, takarda ce take tona asiri. Akwai tsohon kacici-kacicinsu da ke tambayar abin da yake baƙi da fari kuma "red" ko'ina, amsar ita ce jarida, domin "red", ja, da "read", an karanta, sautinsu ɗaya. Da zarar ka rubuta shi dole ka zaɓi rubutu guda, kuma da wannan zaɓi ka kashe wasan.

Shawarata ga mai tambaya ita ce kada ya ɓata lokaci wajen haddace dogon jeri. Kamannin sauti shi kaɗai ba wasa ba ne, sai an sami jimlar da ma'anoni biyun za su zauna a cikinta ba tare da an tilasta musu ba. Dubi zancen keken da ya kasa tsayuwa da kansa saboda "two tyred" ne: taya biyu gare shi, kuma ana jin "too tired", wato ya gaji tiɓis, kuma kowace daga cikin ma'anonin dalili ce ta faɗuwa.

Mai Koyon Turanci:
Na gode ƙwarai. To ina matsayin irin su "lead" da "tear", waɗanda na ga kowace tana da furuci biyu?

Malamin Harshe:
Waɗannan su ne 'yan'uwan "wuya" ɗinmu, rubutu ɗaya furuci biyu. "Tear" tana iya zama hawaye ko yagewa, "lead" tana iya zama jagoranci ko dalma, don haka wasansu a rubuce yake ci, kamar a kanun labarin jarida, amma wanda ya karanta da babbar murya dole ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya. Masu ci ta kowane ɓangare su ne irin "bank", banki da gaɓar kogi, da "grave", kabari da kuma abu mai tsanani, domin rubutunsu da furucinsu duka ɗaya ne.