Likita ya rubuta wa mahaifiyata tiramadol, yaya za ta sha shi ba tare da ya cutar da ita ba?

Ɗan Asawase ya rubuta:

Assalamu alaikum. Mahaifiyata mai shekara 67 ta zame a makewayi ta karye a cinya, aka yi mata aiki a wani asibiti a nan Kumasi, shekaranjiya aka sallame mu. Cikin magungunan da aka rubuta mata akwai tiramadol mai miligiram 50, ƙwaya ɗaya duk bayan awa takwas har kwana bakwai, tare da farasitamol. Da ƙanwata ta karanta mata sunan, sai ta ture ledar ta ce ba za ta sha abin da ya lalata 'ya'yan unguwa ba. Amma da ciwo ya hana ta runtsawa daren jiya, da bakinta ta ce a ba ta biyu ta huta. Yau kuma wata maƙwabciya ta kawo mata ƙwayar barci. Shin kwana bakwai sun isa su sa ta kamu da shi, kuma akwai laifi idan aka ƙara mata a daren da ciwo ya tsananta?

Mai haɗa magunguna daga Aboabo:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya. Tsoronta yana da tushe, domin tiramadol dangin su mofin ne, wato magungunan kashe ciwo masu ƙarfi, a ƙwaƙwalwa yake aiki ya dushe jin ciwo, kuma jiki yana iya sabawa da shi. Sai dai a bayyana mata cewa hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana mai miligiram 50 da mai 100 ta amince da su, wanda kuwa ya yi wa samari illa galibi mai 120 ne, ko 225, ko 250, da ake shigowa da shi ta bayan fage, a sha shi babu ciwo babu ƙa'ida. Wannan ɓarnar ce ta sa gwamnati ta tsaurara dokar sayar da shi a 2018. Ƙwaya uku a yini na mako guda bayan aikin ƙashi ba ta cika kai mutum ga wannan hali ba, matuƙar an tsaya a ranar da likita ya ce a tsaya.

Batun ƙari kuwa, kada ku yi shi da ra'ayin kanku. Gaskiya ne iyakar babban mutum miligiram 400 ce a yini, amma likita ya dubi shekarunta da ƙodarta da sauran magungunanta kafin ya yanke mata 150, kuma yawan tiramadol yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, yana kuma rage numfashi. Ina zargin ma abin da ya faru daren jiya shi ne an bar ciwon ya yi ƙarfi kafin a sha, alhali maganin yakan ɗauki kusan awa guda kafin ya kama jiki. Idan ana sha a kan lokaci kuma ciwon bai lafa ba, a koma wa likita.

Ƙwayar barcin nan ita ta fi tayar mini da hankali. A mayar wa maƙwabciyar da abinta cikin mutunci, domin irin su Valium idan suka haɗu da tiramadol suna iya danne numfashin tsohuwa tana cikin barci. Haka ma tsimin gargajiya na kwalba da ake tallarsa a tashar mota, da yawansu da barasa ake jiƙa su. Idan kuka ga barcinta ya yi nauyi har ana girgiza ta ba ta farkawa sosai, ko numfashinta ya ja baya, ko baƙin idonta ya ƙanƙance kamar bakin allura, ku kira lambar gaggawa ta 112 ko ku garzaya da ita asibiti, ku tafi da kwalin maganin.

Uwargida daga Nima:

Ɗana, na yi jinyar maigidana da wannan maganin, kuma kuskuren da na fara yi shi ne ɗaura shi a kan lokutan salla, wato asuba da azahar da isha'i. Ashe tsakanin isha'i da asuba ya fi awa tara, shi ya sa yake farkawa cikin dare yana nishi. Da na gane, sai na sa ƙararrawa a waya, shida na safe da biyu na rana da goma na dare, na kuma manna takarda a bayan ƙofa ina ja mata layi duk lokacin da ya sha, domin a gidan da mutum uku ke jinya ba wuya wannan ya bayar wancan ma ya bayar. Ka kuma shirya wa taurin bayan gida, wanda babu wanda ya gargaɗe ni a kansa. Ruwa da yawa da gwanda da miyar ayoyo sun taimaka mana. Tiramadol yana sa jiri, don haka kada a bar Hajiya ta miƙe zuwa alwala ita kaɗai.

Dattijo daga Sawaba:

Ni abu ɗaya zan ƙara. Ƙwaya 21 ce ta kwana bakwai, to ka riƙa ƙirga ta, ka kuma kulle ta a akwati maimakon barinta a kan tagar ɗaki. A gidan wani amini na an wayi gari kati guda ya ɓace, daga baya aka gano jikansa ne mai tuƙa babur ya ɗauka, wai don ya jure aiki. Idan wani abu ya rage bayan jinya, a mayar kantin magani, kada a ajiye shi don ciwon bayan wani.

Ɗan Asawase:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Hajiya bayananku, ta amince ta sha na ƙarfe biyu, na kuma mayar da ƙwayar barcin. Saura abu ɗaya: tana da hawan jini, kuma ta saba sayen diklofenak saboda gwiwa. Za ta iya ci gaba da shi?

Mai haɗa magunguna daga Aboabo:

A dakata da shi, ɗan'uwa, sai an tambayi likitanta. Diklofenak da aibufurofen suna iya tayar da hawan jini, su taɓa ƙoda, su kawo gyambon ciki, kuma idan an ba ta maganin hana daskarewar jini, kamar yadda akan yi bayan aikin ƙashi, haɗuwarsu tana iya jawo zubar jini. Ka duba farasitamol ɗin ma: kada ya wuce ƙwaya takwas ta miligiram 500 a yini, ko ƙasa da haka idan Hajiya ba ta da jiki, kuma magungunan mura da yawa suna ɗauke da shi a ciki, don haka a karanta bayan kwali saboda hanta. Ranar komawa asibiti ka zuba duk abin da take sha a leda ɗaya, har da na gargajiya, ka ajiye a gaban likita.